Mu sauka ranar shiga jirgin ruwa, ko mu riga shi zuwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema don Allah. Mun biya kuɗin yawon jirgin ruwa a kogin Nilu a ƙasar Masar, daga Luksor zuwa Aswan, kwana huɗu, a ƙarshen Disamba. Ranar Litinin da rana ake shiga jirgin. Maigida ya ce mu bar Kano ranar Lahadi, mu sauka Alƙahira, da sassafe mu kama jirgin sama zuwa Luksor, mu huta da kuɗin otal. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ga shi da Mama za mu, ƙafarta ba ta son wahala. Waɗanda suka san hanyar, me kuka gani?

Wata Hajiya daga Kano:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Disamba fa kika ce. Kin manta da hazo? Lokacin ne ƙura ke rufe sama har a ɗage tashin jirage a Kano, wani sa'in sai washegari. Idan na Lahadin ya makara, na Luksor ya wuce ku, kuma masu jirgin ruwa ba za su tsaya jiran mutum uku ba. Kuɗin da kuka biya kuwa da wuya a mayar muku. Lallaɓa maigida ku tashi tun Juma'a ko Asabar.

Wani ɗalibi a Azhar:
Anti, maganar Hajiya gaskiya ce. Alƙahira zuwa Luksor kusan awa ɗaya ne a sama, a jirgin ƙasa kuma kwana ake yi a hanya, kamar awa goma. Galibi jiragen ruwan da ke tashi daga Luksor a can suke kwana daren farko, sai washegari su nufi garin Esna su wuce garin Edfu, don haka wanda ya makara yana iya bin su a mota. Amma me ya rage masa? A waɗannan kwanakin ake kai mutane tsohon wurin bauta na Karnak da Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, kuma su ne ƙashin bayan tafiyar. Wani abin kuma, tun da duku-duku ake fita, a yi ta taka ƙasa, a gangara cikin kaburbura. Mama da ta kwana zaune a jirgi ba za ta iya ba wallahi. Ku bar ta ta samu barci mai kyau a kan gado, kumburin ƙafa ya sauka tukuna.

Wata 'yar'uwa daga Zariya:
Ki tuna da akwati ma. Idan bai iso tare da ku ba, kwana ɗayan nan ne zai ba shi damar riskar ku kafin ku hau ruwa. Maganin Mama da rigar sanyi a jakar hannu, dare da asuba akwai sanyi sosai a kan kogi.

Wani Alhaji:
'Yata, ni ina ganin inda za ku kwana shi ne magana. Kada ku zauna a Alƙahira har safiyar Litinin. In kuna son ganin dalar Giza ku gani ranar Asabar, amma daren Lahadi a Luksor ya same ku.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na tura wa maigida, ya ce zai duba tikitin Juma'a. Ɗan'uwa na Azhar, a Luksor wane gefen kogi ya fi mana sauƙi saboda Mama?

Ɗalibin Azhar:
Gefen gabas, Anti, nan filin jirgin sama yake, kuma nan jiragen ruwa ke tsayawa. Ku tambayi kamfanin ainihin mashigarsu kafin ku kama ɗaki, don wasu suna can wajen gari.