Yaya ake gane mai wa'azin ƙarya?

Ɗan Zumunta: Salama, iyayena da 'yan'uwa. Wani mai wa'azi ya sauka unguwarmu, ana ta tururuwa wai yana warkarwa. Yaya za mu gane ko na Allah ne?

Dattijon Ikilisiya: Ɗana, kada mu'ujiza ta ruɗe ka. Matiyu 7:22-23 ya nuna akwai masu yinta da sunan Yesu, amma ya ce bai san su ba. Ka rubuta ayoyin da mai wa'azin ya karanta Lahadi uku a jere, ka koma gida ka karanta surorin gaba ɗaya, yadda mutanen garin Biriya suka riƙa bincika Nassosi don su tabbatar da wa'azin Manzo Bulus. Maƙaryaci yakan tsinko aya guda, ya bar ta gaba da ta baya.

Uwar Zumunta: Ku bi sawun kuɗi. Wa ke ƙirga baiko? In shi kaɗai ne, babu dattawa, da sake. In kuwa ya sa wa addu'a ko kwalbar man shafewa farashi, an gama magana. Ku tambayi maƙwabtansa halinsa. 1 Timoti 3:7 ya buƙaci shugaban ikilisiya ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin na waje.

Malamin Lahadi: Haka ne, Mama. Wanda ya ce mai ciwon sukari ya daina shan magani, ku nisance shi.