Dutse Mai Naɗi: Da Gaske Daga Ramin Kuza Ya Fito?

Mai tambaya daga Bukur, kusa da Jos: Assalamu alaikum. Ina tara duwatsu, yawanci ma'adinan nan yankinmu. Wani mai tebur a Taminus, cikin Jos, ya sayar min da wani da ya fi ƙarfin sanina. Faɗinsa zai kai santimita 9, ruwan toka ne, yana da nauyi, a naɗe yake kamar gammo, da cibiya a tsakiya. Inda bayansa ya ɓare akwai siraran layuka masu lanƙwasa. Mai shi ya ce a tsohon ramin kuza aka tono shi. Wasu sun ce katantanwa ce ta zama dutse, wasu sun ce sassaƙar mutanen da ce. Mene ne wannan? Kuma zan iya wanke shi da asid?

Dattijo, tsohon ma'aikacin kuza: Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar ramin kuza dai ajiye ta. Dutsen Jos narkakke ne ya huce ya daskare, shi ya sa muke da kuza da kwalambayit. Halitta ba ta barin sawu a irinsa. Abin da aka taɓa tonowa a ramuka shi ne kayan Nok, su kuwa gasasshen yumɓu ne, ba su da wannan nauyin. Kawo shi aka yi daga wani wuri.

Malama mai koyar da labarin ƙasa: Baba ya yi gaskiya. Ƙanena, kwantar da shi a tebur, ka duba, sannan ka juya shi. Dodon koɗi naɗinsa hawa yake yi, ya yi tsini ta gefe guda, kuma cikinsa rami ɗaya ne. Idan fuska biyun iri ɗaya ne, da cibiya nan da can, to amonayit ne ko ɗan'uwansa natilus. Halittun teku ne da ke raba ƙwaryarsu ɗaki-ɗaki, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, sauran kuma suna taimaka mata tashi da nutsewa a ruwa. Layukan da ka gani su ne inda bangon kowane ɗaki ya haɗu da ƙwaryar. Asid kuwa kada ka kusanto da shi. Dutsen farar ƙasa ne, cinye shi zai yi, layukan ne kuma za su fara tafiya. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Ɗalibin nazarin duwatsu: Ni hankalina ya tafi Gombe. Kimanin shekaru miliyan 93 da suka wuce teku ya rufe kwarin Binuwai, ya ratsa inda Sahara take a yau. Dutsen da ake fasawa a Ashaka don yin siminti lakar wannan tekun ce, kuma an san wurin da yawan amonayit, musamman jinsin Vascoceras, masu kumburi da santsin baya. Bayaninka ya yi kama da su.

Wani ɗan'uwa daga Sakkwato: Kada mu yi saurin yanke hukunci. Mu ma a Kalambaina ana samun masu naɗi a dutsen siminti, amma natilus ne, domin dutsenmu ya samu ne bayan amonayit sun ƙare shekaru miliyan 66 baya. Layin natilus lanƙwasa ɗaya yake yi a hankali, sumul. Na amonayit kuwa gefensa yana da ƙananan haƙora. Malam, naka wanne ne?

Mai tambaya: Na sa gilashin ƙara girma. Fuska biyun ɗaya ne, layukan kuma suna da haƙora. Na koma wurin mai tebur, ya ce shi ma wani direban tirela ne ya ba shi, yana jin daga Bajoga ya taso. Allah ya saka da alheri.

Malama: Amin. To amonayit ne, Bajoga kuma kusa take da Ashaka. Sai dai jinsin ba ya tabbata sai gwani ya riƙe shi a hannu. Ka kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jos. Kafin nan ka rubuta masa takarda: ranar da ka saya, inda ka saya, da cewa mai tebur ne ya ce Bajoga, ba kai ka gani ba. Kada ka shafa masa mai ko fenti don ya yi sheƙi, su ma suna rufe layukan.