Direba ya mutu da gaske, ko marubutan shirin sun ajiye shi ne?

Aminu, Kurna: Assalamu alaikum. Ina da wata magana da na san da yawa ba za su karɓa ba, amma na daɗe ina auna ta: Direba na wasan kwaikwayon rediyo na daren Laraba bai mutu ba, kuma zai dawo. Hujjata ita ce yadda aka kawo labarin. Mun ji ya gama lodi a tashar Unguwa Uku, ya yi sallama da matarsa ta waya, daga nan ba mu ƙara jin muryarsa ba. Yaron motarsa ne ya zo da kuka ya ce motar ta kama da wuta bayan Kwanar Dangora, an kuma binne waɗanda suka ƙone a can domin ba a iya shaida su. Ba a kawo gawa gida ba, ba mu ji sallar jana'iza ba, alhali lokacin da mahaifiyar mai unguwa ta rasu a shirin nan, makonni biyu aka kwashe ana kai mu tun daga wanka da sutura har zuwa zaman makoki. Me ya sa babban tauraro irin Direba zai tafi a bakin yaron mota kawai?

Hajiya Binta, Fagge: Wa alaikumus salam. Aminu ɗana, son da kake yi wa mutumin nan ne yake magana. Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Zariya ya san akwai iyalan da ba su taɓa ganin gawar ɗan uwansu ba, labari kawai suka samu, suka yi haƙuri suka ɗauki ƙaddara. Abin da marubutan suka nuna ke nan, kuma sun kyauta. A gidanmu ranar da aka kawo labarin, surukata tana tsaye da muciya a hannu har tuwon ya kama a gindin tukunya ba ta sani ba. Bayan haka matar Direba ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma muna ji, an raba gado, yanzu ga mai shagon bakin layi yana nemanta da aure. Idan bayan duk wannan aka ce mana wasa ake yi, to an ci amanar hawayenmu.

Malam Habibu, Gwammaja: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na yi aiki a gidan rediyo kafin in yi ritaya, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Idan ɗan wasa ya bar shiri, ko ya rasu, ko aka samu saɓani da shi kan kuɗi, abu uku ne ke gaban marubuci: ya kashe tauraron, ya tura shi tafiya, ko ya ɗauko wani ya ba shi sunan. Na ukun nan ya fi wahala a rediyo, domin murya ita ce fuskar ɗan wasa, kuma mai sauraron da ya shekara goma da murya ɗaya yana gane baƙuwa tun daga sallama.

Akwai wasan rediyo na BBC a Ingila mai suna The Archers, wanda aka fara watsa shi a faɗin ƙasar ranar 1 ga Janairu 1951, har yau kuma ana yi. A daren 22 ga Satumba 1955 suka kashe wata tauraruwa mai suna Grace a gobarar bargar dawaki, daidai daren da aka buɗe gidan talabijin na ITV, kuma ba ta dawo ba. A Janairun 2011, da shirin ya cika shekara 60, wani mai suna Nigel ya faɗo daga saman rufin gida, masu sauraro suka ji ihunsa da kunnensu. Shi kuwa Norman Painting, wanda ya riƙe matsayin Phil Archer kusan shekara 60, da ya rasu a 2009 ba su nemo wani ba; bayan 'yan watanni suka sa matarsa ta cikin wasan ta iske shi a kan kujera rai ya yi halinsa. Abin lura shi ne, idan marubuci ya yi niyyar rufe ƙofa yakan sa a ji mutuwar, ko ya kawo shaidan da ba a shakkarsa. A nan Aminu yana da gaskiya. Inda na rabu da shi, mutuwar da aka kawo a bakin wani sau da yawa tana nufin ɗan wasan ya tafi ba shiri ne, ba a samu damar ɗaukar muryarsa ta ƙarshe ba. Wannan ba ya nuna an tsara dawowarsa.

Saratu, Ɗorayi: Malam Habibu, ina da ƙari a kan wannan. Na ji muryar ɗan wasan a wata tallar takin zamani kwanan nan, kuma ba ni kaɗai na gane ta ba, har mahaifina ya ɗago kai ya ce ai ga Direba nan. Tunda mutumin yana raye yana kuma aiki, ban ga abin da zai hana su sasanta ba.

Malam Habibu, Gwammaja: 'Yata, talla takan yi shekara biyu ko fiye tana yawo bayan an ɗauke ta, saboda haka jin ta yau ba ya nuna yaushe aka yi ta. Ko da sabuwa ce ma, abin da ta tabbatar kawai shi ne mutumin yana neman abincinsa.

Malam Sani, Ƙofar Mata: Jama'a, akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, kuma a ganina shi ne zai nuna ko marubutan nan sun san abin da suke yi. Masu cewa Direba ɓata ya yi su sani cewa hukuncin wanda ya ɓace daban yake da na wanda aka kawo labarin mutuwarsa. A cikin Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mamaci, ta yi aure in ta so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye. A shirin nan ba a bi wannan hanya ba, an ɗauki maganar yaron mota a matsayin tabbacin mutuwa. To a mazhabarmu ta Malikiyya, matar da aka kawo mata labarin mutuwar mijinta ta yi takaba ta yi aure, sannan ya bayyana da ransa, tana komawa ga mijin farko ko da na biyun ya tare da ita, domin igiyar auren farko ba ta taɓa tsinkewa ba. Wadda alƙali ya yanka wa shekara huɗu kuwa, idan na biyu ya riga ya tare da ita, ta zama tasa. Idan har dawo da shi za su yi, ina roƙonsu su zauna da malami kafin su rubuta, domin mata da yawa daga wasan nan suke ɗaukar abin da suke zaton hukunci ne.

Aminu, Kurna: Allah gafarta Malam, ai ka ƙara mini hujja ne. Wane marubuci ne zai ga rikici irin wannan ya bar shi ya wuce? Ku duba yadda ake jan maganar auren mai shago: an kai gaisuwa, an sa rana, an ɗaga saboda rashin lafiyar waliyyi, an sake ɗagawa. Sannan har yau ba a gaya mana yadda yaron mota ya fita daga motar da kowa ya ƙone ba tare da ko ƙwarzane ba, kuma duk lokacin da matar ta tambaye shi kalmar ƙarshe da maigidansa ya faɗa, sai ya yi shiru a sako kiɗa. An ce gani ya kori ji, to a rediyo babu gani, saboda haka abin da aka hana mu ji shi ne abin tuhuma.

Hajiya Binta, Fagge: Shirun yaron nan ni ban ɗauke shi ɓoye-ɓoye ba. Yaro ne da ya ga ubangidansa cikin wuta ya kasa ceto shi, kuma na ga irinsu a zahiri, shekaru suke yi ba sa iya ba da labarin. Abin da ya fi damuna a bayanin Malam Sani shi ne ita matar. Ta yi kuka, ta yi takaba, an sayar da gidan da take ciki aka ba ta tumunin takaba, ta koma gidan iyayenta da 'ya'ya uku tana sayar da koko. Yanzu da Allah ya kawo mata mai rufa mata asiri, sai a ce ta koma gidan jiya don kawai ku samari ku ji daɗin cewa kun canka daidai?

Malam Sani, Ƙofar Mata: Hajiya, ba ita kaɗai ba ma. Idan ya dawo, gadon da aka raba komawa gare shi zai yi, kuma ƙaninsa da ya yi gaggawar sayar da gidan a madadin marayu sai ya faɗi inda kuɗin suka shiga. Ni a nan na fi zargin akwai wata a ƙasa, domin shi ne ya fi kowa matsawa a raba, shi ne kuma ya hana a je Kwanar Dangora a ga kabarin.

Malam Habibu, Gwammaja: Abin da zan ce ku lura da shi shi ne ɗaurin auren. Ana rubuta irin waɗannan shirye-shirye ne kashi-kashi, a ɗauki na makonni da dama a zama ɗaya, don haka ɗage ranar sau biyu yana iya nufin su kansu marubutan suna jiran amsa daga ɗan wasan. Idan aka shafa fatiha, amarya ta tare, aka kuma wuce zuwa wani labari, to sun haƙura da shi. Idan aka ɗaga karo na uku, ana kan ciniki.

Hajiya Binta, Fagge: To su gama cinikinsu. Ni dai ranar da na ji muryar mutumin nan yana sallama a ƙofar gida, a ranar zan murɗa rediyona zuwa wata tasha, kuma Aminu kada ka kira ni don ka yi mini dariya.

Aminu, Kurna: Ba zan kira ba, Hajiya, da kaina zan zo Fagge in gaishe ki.