Ranar da jirgi ba zai tsaya a tasha ba: me ake yi?

Maman Sadiq: Jama'a, a jadawalin jirgin ruwan yawon shaƙatawa akwai ranakun da ake wuni a tsakiyar teku, ba sauka. Masu sani ku taimaka, da me ake farawa?

Baban Ummi: Hajiya, tun daren jajiberi ake shiri. Za a kawo takardar shirye-shiryen gobe ɗaki, ko ta fito a manhajar jirgin. Zaɓi abu biyu ko uku, kar ki ce sai kin yi duka. Kujerun bakin wurin iyo da sassafe suke cika, tunda kowa yana cikin jirgi.

Yaya Babba: Ni a kan jiri zan ja kunne. Kunnen ciki yana jin tangaɗi, ido kuma yana ganin bango a tsaye, saɓanin nan ke tayar da zuciya. Shi ya sa kwanciya a ɗaki da waya a hannu ke ƙara shi. A fito waje, a kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama. Tsakiyar jirgi, benen ƙasa, ya fi natsuwa. Goshin jirgi ne ya fi sama da ƙasa. Fukafukan daidaita jirgi da ke gefensa a ƙarƙashin ruwa tangaɗin hagu da dama suke ragewa, ba na gaba da baya ba. Ƙwayar maganin jiri irin Dramamine ana sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin abin ya kama, kuma tana sa barci. Maganin da ake mannawa a bayan kunne kuwa yana son kamar awa 4 kafin ya fara aiki, yana kai kwana 3, amma sai da izinin likita.

Maman Sadiq: To waya fa?

Baban Ummi: Sa ta a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama layin jirgin da ke bi ta tauraron ɗan'adam, kuɗi na tafiya tana cikin jaka. Agogonta ma kar ki dogara da shi, lokacin jirgi ake bi, kuma akan matsa shi da awa guda idan an shiga wani yanki.

Anti Mairo: Ƙanwata, iska na yaudara. Jirgin da ke gudun kusan kilomita 37 a awa, sanyi-sanyi za ki ji, rana kuwa tana gasa fata. Man kariya daga rana mai lamba (SPF) 30, a sake shafawa duk awa 2. Kuma kar a buɗe ƙofar ɗaki alhali ta baranda na buɗe: iska ce za ta ratsa ta buga ƙofar da ƙarfi, yatsun yara ake ji.

Yaya Babba: Kafin cin abinci, sabulu da ruwa, daƙiƙa 20. Ruwan shafa hannu na kashe ƙwayoyin cuta ba ya iya wa ƙwayar norobairos sosai, ita ce mai sa amai da gudawa.

Baban Ummi: Wurin ɗibi-da-kanka kuwa, daga sha biyu zuwa ɗaya layi ne. Duba ko babban ɗakin cin abinci na buɗe da rana, a irin wannan ranar yawanci yana buɗewa.