"Where there's muck, there's brass": kirarin mai sana'a ne ko bakin mai masaƙa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ba ta barin bakin dattawan nan Bradford, a yankin Yorkshire na arewacin Ingila: "Where there's muck, there's brass." Muck dai ƙazanta ce, dauɗa ko taki. Brass kuwa tagulla, amma su a nan kuɗi suke nufi. Wato inda ƙazanta take, nan kuɗi yake. Wani tsohon makanike maƙwabcinmu ya fi kowa faɗinta, musamman in ya fito daga ƙarƙashin mota hannu duk baƙin mai. Ni kirarin mai neman na kansa na ɗauke ta. Wani abokin aikina kuma ya ce a'a, habaici ce ga masu kuɗi. A warware mana.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Kai ne a kan daidai, ƙanina. Maganar ta girmi masana'antu ma. John Ray, wanda ya tattara karin maganar Ingila, ya rubuta mai kama da ita a bugun 1678: "Muck and money go together." A wancan zamanin taki ake nufi, manomin da ya fi tarin taki shi ya fi amfanin gona. Daga baya mutanen arewacin Ingila suka sa nasu brass ɗin a ciki, ta koma bakin ma'aikatan masaƙa da masu haƙar kwal.

Ba-Damagare: To ai mu ma muna da ita, har ta fi tasu gajarta: bola jari. Yaron da ke tura kura yana tsintar ƙarafa da robobi a layi, me ya rage masa a wannan magana?

Ɗan Fagge: Wallahi ka tuna min. Nan kusa da mu akwai garuruwan Batley da Dewsbury, tsumma ne ya gina su. Wajen 1813 wani Benjamin Law ya fara yayyaga tsofaffin kayan ulu da inji, a haɗa da sabon ulu a sake saƙawa. Har daga ƙasashen waje aka riƙa shigo musu da tsummokara. A da, ita kanta hukumar birnin Bradford ta daɗe tana tatsar maiƙon gashin tumaki daga ruwan ƙazantar gari a matatarta da ke Esholt tana sayarwa, domin a lokacin duk wankin ulun da masaƙu ke yi a magudana yake ƙarewa.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri Malam, ni fa ina bayan abokin aikin nan nasa. Ku duba wa ya fi amfana da maganar. Mai masaƙa ya gina gidansa can bayan gari inda iska ke kaɗawa, ma'aikaci na kwana cikin hayaƙi yana tari, in ya yi ƙorafi a ce masa ai hayaƙin nan shi ne abincinka. Ƙazantar na wuyan wani, kuɗin na aljihun wani. Titus Salt da kansa, babban attajirin ulu na Bradford, kwashe masaƙarsa ya yi daga cikin birnin ya buɗe sabuwa a bakin kogin Aire a 1853, ya gina wa ma'aikata gari guda, Saltaire. Da ƙazantar alheri ce da bai gudu ba. Kuma sai da hayaƙi ya kashe dubban mutane a Landan a 1952 kafin majalisa ta yi dokar tsabtace iska a 1956.

Malamin Turanci: Hajiya, tarihinki ba gyara. Amma kin ɗora wa karin magana laifin wanda ya ara ta. In makanike ya faɗa, yana nufin kada ka raina ni don ka ga rigata. In mai masaƙa ya faɗa, yana nufin ku rufe min baki. Magana ɗaya ce, bakin ne ya bambanta.

Maman Ilham: To shi ke nan mun haɗu, Malam, tunda ka yarda akwai baki na biyun. Abin da na ƙi shi ne a kawo ta a ce hikima ce tsantsa. Wanda ya taɓa bi ta Sharaɗa ko Challawa ya ga ruwan da ke fita daga kamfanonin jima, ya san inda irin wannan magana ke kai mutane.

Ba-Damagare: Shi kuma abokin aikin, anya ba kuɗin haram yake nufi ba? Wato duk inda ka ga dukiya, tona ka ga ruɓa.

Ɗan Fagge: Haka yake nufi. Sai dai wannan juya maganar aka yi, kuɗin ya zo gaba ƙazantar ta biyo. Ana yin hakan don zolaya, amma ban taɓa jin dattijon Yorkshire ya yi amfani da ita haka ba. Su mutane ne masu alfahari da riƙon kuɗi, har suna tsokanar kansu da wani taken: ji komai, ga komai, kada ka ce komai, ci komai, sha komai, kada ka biya komai, in kuwa za ka yi wani abu kyauta, to yi wa kanka.

Ba-Damagare: Subhanallah, wannan ai kirarin marowaci ne!

Ɗan Fagge: Wasa ne, Yaya. A jikin kofin shayi da tawul ake buga shi a sayar wa baƙi.

Ɗalibar Newcastle: Tunda an shigo arewa, ga tamu ta nan Newcastle: "Shy bairns get nowt." Bairn yaro, nowt babu komai. Yaro mai kunya ba ya samun komai. Wata dattijuwa da ke aiki a kantin abincin makarantarmu ce ta fara jefa min ita, ranar da ta ga na tsaya ina kallon tire na kasa cewa a ƙara min. Ta ƙara ɗin kuwa, tana dariya. Tun daga nan nake jin ta ko'ina, wajen neman ragin haya, wajen neman malami ya sake duba maki.

Malamin Turanci: Da rashin tayi akan bar arha ke nan.

Maman Ilham: A kasuwa, e. Amma ku lura da yaro suka ce. Mu namu ɗan in an miƙa masa abu a gidan mutane sai ya noƙe, ya kalli uwarsa tukuna, kuma wannan shi muke kira tarbiyya. Ni ba zan koya wa 'yata cewa kunya asara ce ba, alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kunya tana daga imani.

Ɗalibar Newcastle: Gaskiya ne Anti, amma ina ganin ba kunya ɗaya ake magana ba. Tasu ta nauyin baki ce, ka san haƙƙinka ne ka kasa tambaya. A can gida in ka yi kawaici akwai mai lura, ya ce ai kunya take ji, a ƙara mata. A nan in aka yi miki tayi kika ce a'a, an ɗauka a'a ɗin ce, ba mai sake tayi. Sababbin ɗalibanmu da yawa sun kwana da yunwa a gidan baƙunta saboda wannan.

Ɗan Fagge: Wannan kam na shaida. Malam, akwai wata da makaniken nan ke min in na bar ƙofar garejinsa a buɗe, "put wood in th'ole", wai in sa katako a rami. Ita ma karin magana ce ko faɗa ne kawai?

Malamin Turanci: Faɗa ne, ƙanina. Rufe masa ƙofa, sanyi yake ji.