Neman kalma: me za mu kira domen da cinikinsa da Hausa?

Malamin Fassara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman kalmar Hausa ta abin da masu kwamfuta ke kira domen, wato sunan nan da ake rubutawa don a isa wani shafi, mai ƙarewa da .com ko .ng ko .ne. Wasu suna cewa "sunan yanki", amma a kunnena bai zauna ba. Bahaushe in ya ji yanki, yankin Damagaram ko na Arewa maso Gabas zai faɗo masa a rai. So nake mu iya ba da labarin wanda ya kai irin wannan suna kasuwar intanet, masu saye suka yi ta ƙara kuɗi har aka bar wa wanda ya fi, ba tare da mun ari rabin jimlar ba.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a raɗa wa abu suna, a san halinsa. Domen ba mallaka ba ce ta har abada, haya ce. Kana biyan kamfanin rajista duk shekara, kuma ba a biyan fiye da shekara 10 gaba ɗaya. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke shimfiɗa ƙa'idar irin su .com, hukumar NiRA ta Najeriya kuma ke kula da .ng. Ranar da wa'adinka ya cika ba ka sabunta ba, ana ɗan ɗaga maka ƙafa. A irin su .com, in aka soke sunan, kana da kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan duk wanda ya riga ya ɗauka.

Shi ya sa nake ba da shawarar "sunan rumfa". Haka rumfar kasuwa take: ƙasar ta hukuma ce, kai kana biyan kuɗin shekara, kana iya sayar wa wani matsayinka, in ka yi sakaci a ba wani. Kuma rumfar bakin hanya ba farashinta ɗaya da ta lungu ba. Gajeren suna mai sauƙin faɗi shi ne bakin hanya. A 2019 an sayar da voice.com dala miliyan 30, alhali dogon suna mai lambobi sai ya shekara ba wanda ya taya.

Hajiya Mai Rajista:
Injiniya, bayaninka ya yi, sai dai rumfa wuri ce da ake zuba kaya, shi kuwa domen ba ya ɗaukar komai. Kayan shafi suna wajen masauki, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye su, wanda kuɗinsa daban ne. Masu saye da yawa nan suke ruɗewa, su ɗauka sun sayi shafi da abin da ke cikinsa, sai su tarar suna kawai aka miƙa musu. Me ya hana mu ce "sunan shafi"?

Injiniya:
Ranki ya daɗe, "sunan shafi" ya riga ya tafi wajen Facebook. Kuma suna ɗaya yana iya ɗaukar shafi ɗari da akwatunan imel, ko ya zauna fayau babu shafi ko ɗaya. Yawancin waɗanda ake kaiwa kasuwa ma haka suke. Ai ba rumfa na ce ba, sunanta na ce, allon da ke saman ƙofa.

Ɗan Kurmi:
Ni na bi Injiniya. Inda nake da magana shi ne kalmar gwanjo, in aka ce da ita za a kira irin cinikin da Malam ya kwatanta. Asalinta daidai ne, cinikin da ake tara jama'a kowa ya taya. Amma yau ka ce gwanjo, dilar tufafi za a hango, a zaci kayan araha ne. Mu ce "kasuwar tayi", don sauran kalmomin duk muna da su a kasuwa tun kaka da kakanni. Kuɗin da mai saye ya ambata tayi ne. Mafi ƙarancin abin da mai kaya ya sa a ransa, wanda kasuwar ke ɓoyewa, "farashin sallama" ne. Abin da kasuwannin sayar da domen irin Sedo ko GoDaddy ke yanka kuwa la'ada ce tsantsa, kuma ba ƙarama ba: takan kama daga kashi 10 zuwa sama da 20 cikin 100, gwargwadon hanyar da aka samo mai sayen. Wanda ya sallama a dala 1,000 da la'adar kashi 15, dala 850 zai gani, kafin banki ya ɗebi nasa. A lissafa wannan tun kafin a sa farashin sallama.

Hajiya Mai Rajista:
To na yarda da sunan rumfa, da sharaɗin a farkon rubutu a ce "domen, wato sunan rumfa". Ga wurin da ciniki ya fi lalacewa, kuma nan ma muna buƙatar kalmomi.

Bayan an sallama, mai saye ba ya tura kuɗi hannun mai kaya. Kasuwar ce ke riƙewa, ko kamfani irin Escrow.com, har sunan ya koma hannun mai saye. Wannan na tsakiya "mai riƙon amana" ya dace da shi. Sai ya tabbatar kuɗi sun shiga sannan mai kaya ya cire kullen sunan, ya karɓo wata lambar sirri daga kamfanin rajistarsa ya miƙa. Ita nake so mu kira "mabuɗin ƙaura", domin duk wanda ya riƙe ta yana iya kwashe sunan zuwa wani kamfani. Don Allah kada a ba da ita saboda hoton shaidar biya da wani ya turo ta WhatsApp. Ƙaurar takan ɗauki kwana 5 zuwa 7, amma in su biyun kamfani ɗaya suke, miƙawa daga asusu zuwa asusu ba ta kai haka.

Sai a kula da kullen kwana 60. Sunan da aka yi wa sabuwar rajista, ko wanda bai daɗe da ƙaura ba, ba ya sake tashi zuwa wani kamfani sai kwanakin sun cika. Canza bayanan mai suna ma yana iya jawo wannan kulle. Mutum ya gyara imel ana gobe ciniki, sai ya ɗaure kansa wata biyu, mai saye ya janye. Haka kuma sunan da ya ɗauko tambarin wani kamfani: tun 1999 akwai tsarin shigar da ƙara wanda ake ƙwace shi ba diyya.

Malamin Fassara:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Saura wanda ake turowa ya riƙa tayin ƙarya don farashi ya hau.

Ɗan Kurmi:
Malam, wannan malaman fiƙihu sun gama mana aiki. Najashi ke nan, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, alhali cinikin wa-zai-ƙara kansa malamai sun halatta shi. Kasuwannin ma rufe asusun mai yi suke in sun gano. Shi kuma mai laɓewa sai daƙiƙar ƙarshe ya jefa tayi, wasu kasuwanni sun yi maganinsa: tayi ya shigo cikin mintunan ƙarshe, sai a ƙara lokaci don sauran su samu damar ramawa.

Malamin Fassara:
Bari in gwada: "Ya kai sunan rumfarsa kasuwar tayi, aka taya har ya wuce farashin sallama, mai riƙon amana ya karɓi kuɗin, shi kuma ya miƙa mabuɗin ƙaura." In lokaci ya ƙare tayi bai kai ba fa, me za mu rubuta?

Ɗan Kurmi:
Rubuta "an yi albarka". Abin da mai kaya ke cewa ke nan in tayi ya gaza, sunan kuma yana nan hannunsa har wani zagayen, muddin ya ci gaba da biyan kuɗin shekara.