Kaji 60, abinci kala 4, difens saura sati 3: in biya a yi mini ANOVA ko in zauna in koya?

Ƴar Malali: Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema kafin kaina ya tarwatse. Furojek ɗina kan kiwon kaji ne, burola 60 na raba gida huɗu, kowane gida 15. Gida ɗaya abincin kamfani, ɗaya na haɗa masara da waken suya da hannuna, ɗaya na ƙara garin zogale, na huɗun na rage masara na sa dusa. Da suka cika sati shida na auna nauyin kowacce. Malamina ya ce ANOVA zan yi, wato lissafin da ke kwatanta nauyin gidajen duka a lokaci ɗaya, ƙawata kuma ta ce gwajin t ya fi sauƙi, in dinga haɗa su bibbiyu har in gama. Ga wani mai shagon kwamfuta ya ce in kawo dubu 25 ya haɗa mini babi na huɗu duka har teburan. Laftof ɗina ba SPSS, manhajar da ake irin wannan lissafin da ita. In biya ko in koya?

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Dubu 25?? Ni dubu 7 na ba wani yaro a Tudun Wada bara, kwana biyu ya gama. Ƙwaruwarki zai yi.

Maman Biyu: Ƙanwata chi-square kawai za ki yi ki huta, ni shi na yi kuma A na samu.

Na Kasuwar Barci: Tambaya ɗaya tukuna, kajin suna nan ko an riga an cinye data ɗin? 😂

Mai Alli: Hajiya Maman Biyu, naki ƙila ƙirge ne, mutum nawa suka ce e, nawa suka ce a'a, can ne chi-square yake aiki. Nata awo ne na kilo. Ƴar Malali, malaminki ya fi ƙawarki gaskiya. Gida huɗu in za ki haɗa bibbiyu gwaji shida ke nan, kuma kowane gwaji kin yarda da kasadar 0.05, wato sau 5 cikin 100 zai iya ce miki akwai bambanci alhali babu. To in kin maimaita sau shida kasadar taruwa take, ta doshi 26 cikin 100. ANOVA tambaya ɗaya take yi: tazarar da ke tsakanin gidajen nan ta fi tazarar da ke tsakanin kajin gida ɗaya girma, har ta wuce a ce dace ne? Rabon biyun shi ne F. Naki df, wato lambobin da ake fitarwa daga yawan gidaje da yawan kaji, zai fito 3 da 56, jimla 59, wato kaji 60 a cire ɗaya, F ɗin kuma sai ya haura wajen 2.77 kafin ki ce akwai bambanci. In ya haura, ba ta gaya miki wane abinci ya fi wane ba, sai kin bi da gwajin Tukey.

Abu Kawo: Ƙanwata ki riƙe kuɗinki, ni ganau ne ba jiyau ba. Dubu 40 na biya, ba 25 ba, sai da na sayar da wayata na cika. Takardar tambayoyi 120 na raba wa ƴan kasuwa a unguwanni uku, da ƙafata na bi su cikin azumi, na kai wa mutumin a leda, bayan sati ya ba ni teburi tsaf-tsaf, ko'ina p 0.000, p ɗin ita ce lambar da ake gwadawa da 0.05 ɗin nan, ni ina ta murna na ɗauka sifiri uku alamar aiki ya yi kyau ne. Ranar difens malamin waje wani dattijo ne mai farin gilashi, bai ma kalli gabatarwata ba, ya buɗe babi na huɗu ya ɗora biro kan layin ƙarshe na teburin ya ce ɗana mutum nawa ka tambaya, na ce 120 ranka ya daɗe, ya ce to me ya sa jimlar df ɗinka 149, ashe da 119 ya kamata ta zama, sauran mutum 30 ɗin aljanu ne? Ɗakin ya yi tsit. Wallahi ban ma san mene ne df ba a lokacin. Ashe teburin wani ɗalibi ya kwafo ya canza kan magana kawai, ledata ko kwance ta bai yi ba, da na koma shagon na same ta ƙarƙashin benci yadda na ɗaure ta. Shekara guda na ƙara, abokaina suka tafi bautar ƙasa ni ina gida ina amsa tambayar maƙwabta, mahaifiyata har yau in an ambaci furojek sai ta tashi daga wurin.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya isar maka Yaya Abu. Ya dawo da kuɗin?

Abu Kawo: Dubu 10 ya ba ni bayan na kai ƙara wurin mai gidan shagon, wai sauran kuɗin takarda da tawada ne. Kuma ku sani 0.000 ɗin nan ba sifiri ba ne, na'urar ce ta datse lambar, p < 0.001 ake rubutawa, wato ƙasa da 0.001, wannan ma sai a shekarar maimaici na sani.

Ɗan Rigasa: Allah ya kyauta, amma don naka ya cuce ka ba duka suka zama ɓarayi ba. Nawa dubu 7 kuma na wuce lafiya lau.

Abu Kawo: Ka wuce ne don ba a tambaye ka ba. Faɗa mana df ɗinka yanzu.

Anti Barnawa: Ku daina ruɗa yarinya da farashi. Ni ina yi wa ɗalibai, dubu 15 nake karɓa in data ta shigo a Excel, in kuma a takarda ce 20, kuma sai mai aikin ya zauna kusa da ni ya ga abin da nake latsawa. Mai dubu 7 ban san me yake yi ba.

Na Kasuwar Barci: Anti ta shigo da talla 😂 Ni abin da na ji ma, gwajin t ɗin nan a kamfanin giya aka ƙirƙiro shi, ku yi hattara.

Mai Alli: Ba ƙarya ya yi ba, William Gosset ma'aikacin Guinness ne a Dublin, 1908 ya buga shi da sunan aro. ANOVA kuwa ta Ronald Fisher ce, a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, littafinsa na 1925 ya yaɗa ta, don haka aikin gona ta gada. Ƴar Malali ba sai da SPSS ba. A Excel ki kunna Data Analysis ki zaɓi Anova: Single Factor, sai dai ba ya ba da Tukey. Ki sauke manhajar jamovi, kyauta ne, yana da Tukey da gwajin Levene na duba ko warwatsuwar gidajen ta yi kusa da juna. Yini biyu ya ishe ki.

Ɗan Rigasa: Malam da girmanka, kai sakandare kake koyarwa, rabonka da ɗakin difens shekara nawa? A bar waɗanda suka shiga kwanan nan su yi magana.

Tsohon Samaru: Yaro, lissafi ba ya tsufa, abin da Malam ya faɗa daidai ne. Amma duk kun tsallake abu ɗaya. Ƴata, kajin nan 15 na kowane abinci, keji ɗaya suke ko kin rarraba su? In keji ɗaya ne, kwano ɗaya suke ci, to kejin ne abin gwajinki, ba kazar ba. Kejin da ke bakin taga ya fi shan iska, kajinsa suka fi nauyi, ke kuma ki ce zogale ne. Da keji uku-uku ne masu kaza biyar, sai ki ɗauki matsakaicin kowane keji, 12 ke nan, df 3 da 8.

Ƴar Malali: Baba keji ɗaya-ɗaya ne wallahi 😭 kuma na masu zogalen ne a bakin ƙofa. Haka na rubuta a babi na uku, malamina ya sa hannu bai ce komai ba.

Maman Biyu: Ai ba karantawa suke ba! Nawa wata huɗu babi na biyu yana cikin but ɗin motarsa, da ya dawo da shi har da tabon manja, gyaran da ya yi kawai sunansa da na rubuta ba Dakta.

Anti Barnawa: Ku yi musu adalci, mutum ɗaya ɗalibi talatin ko fiye, ga aji ga makin jarrabawa, yaushe zai karanta.

Abu Kawo: Ai nawa ma ya ga 149 ɗin kafin malamin waje, ya sa hannu a kai. Ranar kuwa shi ya fara yi mini faɗa gaban mutane kamar bai taɓa ganina ba. Sau biyar na buga aikin nan, kowane bugu da kuɗin mota zuwa ofishinsa, ka je ka tarar da ƙofa a kulle.

Ɗan Rigasa: Sau biyar kaɗan ne, ni bakwai, kuma bayindin ɗin sai a shagon da ya nuna.

Ƴar Malali: Don Allah Baba Tsohon Samaru, yanzu in yi ANOVA ɗin haka in rubuta maganar keji a matsayin gazawar aikin, ko in fara zuwa wurin malamina? Kajin dai an sayar tun kafin sallah.

Na Kasuwar Barci: Nawa-nawa kika sayar? Masu zogalen nake tambaya.